Kwamfuta ta ƙi ganin bidiyon kaset ɗin MiniDV

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum. Marigayi mahaifinmu ya bar kaset goma sha ɗaya na MiniDV, ciki har da na walimar saukar karatun yayanmu a 2006, kuma ina son in kwashe su zuwa kwamfuta tun ba su lalace ba. Kyamarar Sony ce, tana nuna bidiyon a ɗan allonta, amma idan na jona ta da wayar USB, hotunan cikin memori kaɗai kwamfutar ke gani. Na sayo waya mai bakin USB a gefe ɗaya da FireWire a ɗayan, ita ma shiru. Ina matsalar take?

Mai Gyara, Gawon Nama: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Malam, a yawancin waɗannan kyamarori bidiyon kaset ba ya fita cikakke ta USB, hanyarsa ita ce ƙaramin ramin nan da aka rubuta DV ko i.LINK a jikinsa, wato FireWire. Wayar da ka sayo kuwa asarar kuɗi ce, domin baki kawai aka sauya mata, babu abin da ke juya saƙon a cikinta. Ka nemi kwamfutar tebur a sa mata katin FireWire, ka kashe kyamarar kafin ka soka wayar saboda ramin yana saurin ƙonewa, sannan ka kunna ta a kan PLAY ka buɗe manhajar WinDV. Kowace awa ɗaya tana cin kusan gigabait 13, don haka kada ka tura aikin kan filashi mai tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4.

Ɗan Mabera: Na gode, Allah ya saka da alheri. Takwas sun kwafu lafiya lau. Sauran ukun hoton yana farfashewa gida-gida, fuskar Baba ta rabe biyu, murya kuma tana yankewa.

Tsohon Mai Ɗaukar Biki, Arkilla: Ɗan'uwa, ka duba ko allon yana nuna LP idan ukun nan suna tafiya. Mun sha yin ɗauka a tsarin LP a wajen biki don kaset na minti 60 ya kai 90, kuma irin wannan ɗauka ba ta cika karantuwa da kyau ba sai a kyamarar da ta yi ta. Idan SP ka gani, wato tsarin ɗauka na yau da kullum, to ina zargin kan kyamarar, wato sashen da ke karanta kaset, ne ya yi datti, abin da ba mamaki ga na'urar da ta sha ƙurar hunturun Sakkwato shekara da shekaru. Ka sa kaset ɗin wanke kai na daƙiƙa goma, kada ka yi ta maimaitawa domin yana cin kan. Bayan haka ka tura kowane kaset har ƙarshe ka dawo da shi farko, sannan ka sake gwadawa, ka fara da na walimar.