Na'urar yatsa ta nuna 98, amma mara lafiya yana haki

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Masana, a warware mana wannan. Mai ƙarancin jini yana haki, zuciyarsa na bugawa da sauri, amma na'urar da ake maƙala masa a yatsa ta nuna iskar oksijin kashi 98 cikin ɗari. Ina matsalar take?

Malama Ta Gwale: Wa alaikumus salam. Na'urar ba ƙarya ta yi ba, ba dai abin da kake nema take aunawa ba. A cikin kowace jar ƙwayar jini akwai sinadarin himogulobin kusan miliyan 270. Kowane ɗaya yana da gurbi huɗu masu ƙarfe, kowane gurbi yana kama oksijin ɗaya a huhu, ya sake shi a tsoka ko ƙwaƙwalwa, inda iskar ta yi ƙaranci. Na'urar tana duba kashi nawa na guraben suka cika ne kawai. Kamar A Daidaita Sahu goma ne suka rage a Kano, duk sun cika maƙil, amma jama'a na tsaye a bakin titi.

Ga lissafin: giram ɗaya na himogulobin yana ɗaukar mililita 1.34 na oksijin. Mai giram 15 na himogulobin a kowace mililita 100 ta jini yana da kusan mililita 20 na oksijin a cikinta, mai 7 kuwa da kyar ya wuce 9. Dole zuciya ta ƙara gudu ta cike giɓin. Gwajin PCV (yawan jajayen ƙwayoyi a jini) ko Hb (yawan himogulobin) shi ne zai faɗi gaskiya. Hb na mai lafiya: namiji 13 zuwa sama, mace 12, mai juna biyu 11.

Baban Hanif: Haka ne, Malama. A nemi dalilin raguwar kuma. Ɓargo ne ke ƙera ƙwayoyin, su yi kwana 120, saifa ta kwashe tsofaffin. Na mai sikila ba sa wuce kwana 10 zuwa 20, maleriya kuma fasa su take yi. Shi ya sa ba kowane ƙarancin jini ne maganin ƙarin jini ke gyarawa ba.

Na Ƙofar Mata: Inda na'urar take yaudara da gaske shi ne hayaƙin janareta, ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Gubar da ke ciki tana kama gurbin fiye da oksijin sau 200, na'urar kuma ta ƙirga shi a cikakke. In 'yan ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri tare, a fito da su waje, a wuce asibiti a sa musu oksijin.