Neman kalma: wane suna za mu ba wannan babban aikin?

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum. Laraba da dare ina da shirin rediyo kan sankarar bakin mahaifa. Lokotoro zai yi bayanin aikin da ake kira exentération pelvienne da Faransanci. In ciwon ya mamaye ƙugu, ko ya dawo bayan gashi (ƙona ciwon da haske na musamman a likita), sai a cire mahaifa da farji da mafitsara, wani sa'in har dubura. Fitsari, da bayan gida in an cire dubura, su koma fita ta ƙofar da aka buɗe a fatar ciki, zuwa cikin jaka. Mi za mu ce wa wannan aikin da Hausa?

Ungozomar Zariya: Babban aikin mara. Kowace mace ta san "an yi mata aiki".

Ɗalibin Ɗan Dikko (jami'ar Maradi): Inna, ya yi faɗi. Cire mahaifa da kewayenta irin na lokotoro Wertheim, tun 1898, shi ma babba ne, amma mafitsara na nan. Wannan kuwa lokotoro Brunschwig ya bayyana shi a 1948 a Amurka. Dole sunan ya nuna kwashewa.

Malam na Tibiri: Yasar ƙugu. Daga yashe, kamar yasar rijiya. Gajere, kuma namu ne tsantsa.

Baƙon Kano: Tiyatar kwashe kayan mara.

Malam na Tibiri: Tiyata? Turancin Ingilishi ne kuka lanƙwasa. Muna da fiɗa.

Baƙon Kano: Ranka ya daɗe, fiɗa ai ta rago ce. Ku da ke cewa ofarasiyo?

Malam na Tibiri: Katsinawan Maradi ba su jiran Kano ta koya masu Hausa. Yasa dai.

Ungozomar Zariya: Malam, wadda za ta saurara tana iya zama mai ciwon. Ka ce mata za a yashe ta, ko a kwashe kayanta kamar a mahauta, ba ta sake taka likita, balle a tura ta Yamai.

Ɗalibin Ɗan Dikko: Amma kada a ɓoye zancen jakar. Sai ta sani kafin ta yarda. Kuma a faɗa ba kowa ake wa ba: in ciwon ya kai huhu ko hanta, galibi ba a yin sa.

Mai Shirin Lafiya: To, zan ce "babban aikin cire gaɓoɓin mara", lokotoro ya jero su.

Malam na Tibiri: Wannan jimla ce, ba suna ba. Ki yi, ɗiyata. A ajina yasar ƙugu zan rubuta.