Wa ya taɓa ganin jakaranda tana fure?

Ɗaliba a Pretoria: Assalamu alaikum. A watan Yuli na sauka garin nan na Afirka ta Kudu, cikin tsananin hunturu, na tarar da itatuwan jakaranda na bakin titi sun yi furu-furu, yawancin ganyen ya zube, har na ɗauka sun mutu. Ganyen da ya rage ya yi mini kama da na ɗorawa, sirara ƙanana. To ina shiga makon farko na Oktoba, na fito da sassafe zan tafi makaranta a Hatfield, sai na tsaya cak. Titin gaba ɗaya ya koma shunayya, sama fure, ƙasa fure, kamar an ɗebo zanen da aka tsamo daga marina bai gama shan baba ba aka rufa wa unguwa. Kowane fure ɗan ƙaramin kakaki ne, in ka taka sai ya yi "fas" a ƙarƙashin takalmi. Waɗanda suka riga ni gani, don Allah ku ba mu labari, a ina kuka gan ta?

Ɗan kasuwa a Sunnyside: Wa alaikumus salam, ƙanwata, barka da shiga sahu. Ni shekarata tara a nan, amma har yau in Oktoba ta zo sai na rage gudun mota. Unguwarmu ce ma mafarin abin: a 1888 aka dasa biyun farko a Sunnyside, kuma suna nan a harabar wata makarantar firamare. Asalin itacen daga Kudancin Amurka ne, yankin Ajantina da Bolibiya, amma ya kama ƙasar nan har ana yi wa Pretoria laƙabi da birnin jakaranda. Ki hau tudun Union Buildings, fadar gwamnatin ƙasar, da la'asar ki kalli garin daga sama. A wurin ne Mandela ya yi jawabin rantsuwarsa a 1994, ya kwatanta shaƙuwar mutanen ƙasar da ƙasarsu da yadda jakarandar Pretoria ta kafe saiwa. Sannan ki nemi titin Herbert Baker a Groenkloof, akwai masu farin fure a can, ba kowa ya sani ba. Abu ɗaya dai, ki kula bayan ruwan sama. Furen da ya zube yana santsi ƙwarai, kuma ƙudan zuma na shiga cikinsa a ƙasa. Ƙaramin ɗana ya taɓa fita ba takalmi, kwana biyu ƙafarsa na kumbure.

Malamar jinya a Brisbane: Mu ma nan Ostareliya lokacin ɗaya ne, Oktoba zuwa Nuwamba. Bara muka yi tattaki da maigida da yara zuwa Grafton, wani ɗan gari da ke bikin jakaranda tun 1935. Mun shimfiɗa tabarma a gindin wata tsohuwa, muka buɗe kular dambu, iska na kaɗawa fure na faɗowa cikin kwano, yara na tsincewa suna dariya. Ɗiyata ta tara ƙwanson 'ya'yan itacen, masu faɗi kamar ɗan faifai, har yau suna kan tagar ɗakinta. Tun da na baro Zariya ban zauna gindin itace na ji hankalina ya kwanta kamar ranar ba.

Direba a Nairobi: Nan ma akwai su, wajen Oktoba suke buɗewa. Kyau kam ba a magana. Sai dai duk wanda ya ajiye mota a gindinta zai sha wanki, wani danƙo take zubarwa a gilashi.

Malamin gona: Ku yi mini uzuri in kawo ɗaya gefen. Baƙon itace ne, yana yaɗuwa bakin rafuka yana danne na gida, shi ya sa a 2001 hukumomin Afirka ta Kudu suka sa shi cikin tsirrai masu mamaya, aka hana sabon dashe. Daga baya an sassauta a birane. Ni kaina ina sonta, na gan ta a Harare na kasa ɗauke ido, amma mai sha'awar kai iri gida ya fara tambayar masana gandun daji.

Ɗaliba a Pretoria: Na gode, Yaya, na je Groenkloof jiya, na ga fararen. Malam, na ji shawararka, ban ɗauko iri ba. Ɗalibai a nan suna cewa wanda fure ya faɗo wa a ka zai ci jarrabawa, tunda lokacin ya zo daidai da jarrabawar ƙarshen shekara. Ni ban yarda da camfi ba, amma da ɗaya ya sauka a kan hijabina na adana shi cikin littafi. Da daddare na kira Umma ta bidiyo na nuna mata hotunan titin. Ta yi shiru, can ta ce, "Ikon Allah! 'Yar nan, ba rina su aka yi ba?" Na ce mata a'a. Ta ce in sake ɗaukar mata gobe da rana, kafin su gama zuba.