Kakan babana ya shigo Jos aikin kuza, daga nan labari ya yanke

ƊanGangare:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Kakan babana sunansa kawai muke da shi, Audu Dogo ake ce masa, wai daga ƙasar Kano ya taso ya shigo Jos aikin kuza, ya zauna a wani bariki wajen Bukuru har aka haifi kakana, bayan nan babu wanda ya san inda ya yi, wasu su ce gida ya koma wasu su ce rami ne ya rufta da shi. Abinda ya tado min da maganar, wani abokina da ke Amurka ne ya nuna min yadda maƙwabcinsa ya buɗe takardun ƙidayarsu ta 1950 a intanet, ya ga sunan kakarsa da shekarunta da layin da take zaune har da sana'ar mijinta. Shine nace to mu fa? Ai an yi ƙidaya a 1931 da 1952, ina takardun suke? In naje hukumar ƙidaya a Abuja za su bari in duba?

Malam_Naraguta:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka ajiye kuɗin motar Abujan nan tukuna. Su Amurka doka ce gare su, in ƙidaya ta cika shekara 72 sai a saki takardun da sunayen mutane, shi yasa ta 1950 ta fito a 2022, Ingila kuma shekara 100 suke jira. Mu namu abinda aka buga adadi ne zalla, lardi kaza mutum kaza, maza kaza mata kaza, ba za ka ga wani Audu a ciki ba balle Dogo. Ta 1931 ma a nan Arewa yawancinta daga lissafin haraji aka tattaro ta, in ban da wasu 'yan wurare da aka bi gida gida. 1941 ba a yi ba saboda yaƙin duniya, ta 1962 da ta 1973 duk soke su aka yi saboda rigimar adadi.

Bature ba asalinka ne ya dame shi ba, kawuna nawa za su biya haraji shine damuwarsa, to nan ya kamata ka sa ido. Malaman haraji na En'e su ne ke rubuta sunan kowane baligi a ƙarƙashin mai unguwarsa ko dagacinsa. Ka nufi gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, a can fayil fayil na lardunan Arewa suke, na Jos alamarsu JOSPROF, in ka gama ka leƙa Arewa House, cibiyar binciken tarihin Arewa, tunda duk gari ɗaya ne. Amma ka lura da abu guda wanda ni sai da na ɓata kwana biyu kafin in gane, lardin Filato sai 1926 aka kafa shi, kafin nan Jos a ƙarƙashin lardin Bauchi take. Kaga in mutumin naka ya zo da wuri, misali lokacin ƙaramin jirgin ƙasa na Zariya da ya iso Jos a 1914, to takardun Bauchi za ka nema. In kuma zamanin diban gwamna ne, wato 1942 zuwa 1944 da aka riƙa kwaso mutane dole daga larduna ana kawo su haƙar kuza, wannan wani babi ne daban, don hakimai aka ɗora wa kawo mutanen, ta garinsu na asali za ka biyo.

Sai dai kar in yaudare ka, galibin abinda za ka samu rahoton D.O. ne, wato Baturen mulki na gunduma, jerin sunaye sai an dace.

Maman_Ilham:
Ni dai ƙanina nace kafin Kaduna ka fara da ɗakin tsofaffin gidanku, musamman mata. Mu haka muka yi ta neman asalin kakanmu, ashe amsar tana ƙarƙashin gadon Goggo a Dilimi cikin wata tsohuwar adaka, da muka buɗe sai warin kafur, ga rasit ɗin haraji guda 6 an naɗe su a tsumman atamfa an ɗaure da zare, gara ta ci gefen biyu amma sunan unguwa da na mai unguwa suna nan raɗau. Goggo ba ta karatun boko, ita a zatonta takardar gida ce shi yasa ta adana.

Kuma batun suna ka yi hattara. Dogo ai laƙabi ne, a bariki ɗaya sai ka samu Dogo biyar. Matan zamanin da kuma basa faɗin sunan miji ko na ɗan fari saboda alkunya, mu shekara da shekaru Malam Babba muka sani, sai a rasit muka ga ashe Habibu ne. Sannan kar ka tambayi tsohuwa shekara nawa, ba za ta sani ba, ce mata za kayi lokacin da Sarauniya tazo Jos an haifi wane ko ba a haife shi ba, kai ka san 1956 kenan sai ka lissafa abinka. Ka kunna rikoda a waya ka barta tayi ta zuba ko da ta kauce hanya, a cikin kaucewar ake tsintar sunan ƙauye.

Bisichi_Boy:
Hhhh Allah yasa kar ka tono bashin haraji ne kakan ya gudo wa, don da yawa haka suka shigo bariki suka canza suna wlh.

Abu_Hanan:
Wasa yake amma gaskiya ya faɗa, wanda ya gudo yakan ɗauki sunan babban gari, mutumin wani ƙauye can a ƙasar Rano sai ya zama wane Kano kawai. Ƙarin da zan yi shine rajistar kotun alƙali ta rabon gado, nan ne ake jero mamaci da matansa da 'ya'yansa kaf, wasu da ajami aka rubuta su sai ka tafi da mai iya karantawa. Ni naje wata tsohuwar kotu neman na kakana, sati uku ana ce min mai makullin sito baya nan, ranar da aka buɗe kuma rufi ya daɗe yana yoyo, littattafan sun manne kamar ƙosai ya kwana, ka ɗaga shafi ya biyo hannunka. Ban samu komai ba. In za kaje kaje da wuri.

ƊanGangare:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Malam maganar diban gwamna ta tsaya min a rai, don kakana ya taɓa cewa babansa ba da son ransa yazo ba, mu muka ɗauka talauci yake nufi. Anti Maman Ilham akwai ƙanwar kakana a Barikin Ladi, ta haura 80 amma da hankalinta, rabona da ita tun bikin ƙanwata. Ranar Asabar in sha Allahu zan sayi goro da turare in tafi, Kaduna sai na dawo.