Mahaifinsa yana da tabin hankali, shi kuma ya fara sauya hali: gado ne?

Gwaggo daga Zariya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawara a kan ɗan yayana da nake riƙo, mai shekara 17. Mahaifinsa ya kamu da tabin hankali tun yana saurayi, kuma har yau yana kan magani. Tun bayan ƙaramar salla yaron ya daina fita ƙwallo, karatunsa ya ja baya, ba ya samun barci, kuma ya taɓa gaya mini cewa idan ya wuce majalisa yana jin kamar zancensa ake yi, ko da yake da kansa ya ce wataƙila zuciyarsa ce take raya masa. Dangi sun ce in yi shiru kada a kira gidanmu gidan hauka, ƙannensa mata su rasa manema. Shin ciwon mahaifinsa ne ya fara bayyana, kuma me ya kamata in yi?

Ma'aikacin jinya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri a kan riƙon yaron nan. Gado yana da tasiri, amma ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. Misali, cutar sikizofireniya, wani nau'in tabin hankali mai sa mutum jin muryoyi ko gaskata zargin da ba shi da tushe, tana kama kusan mutum 1 cikin 100 a tsawon rayuwa, sai dai idan ɗaya daga cikin iyaye yana da ita, haɗarin yakan kai kusan 10 cikin 100. Hatta tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda ƙwayoyin halittarsu iri ɗaya ne, idan ɗaya ya kamu, kusan rabin lokuta ɗayan ba ya kamuwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne haɗuwar tarihin mahaifi da koma bayan karatu da ƙaurace wa abokai. A shekarun 1990 likitoci a Melbourne ta Ostireliya, Alison Yung da Patrick McGorry, suka tsara hanyar gane matasan da ke cikin babban haɗari: masu alamu marasa ƙarfi kamar zargin da mutum bai gama gaskatawa ba, da waɗanda alamun suka bayyana ƙasa da mako guda suka gushe da kansu, da kuma masu ɗan'uwa na kusa mai ciwon waɗanda harkokinsu suka taɓarɓare. Wani nazari na 2012 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna kusan kashi 22 cikin 100 na irin waɗannan matasa sun kamu da cikakken tabin hankali cikin shekara guda, kashi 36 kuma bayan shekara uku. Ke nan mafi yawansu ba su kamu ba, ko da yake da dama suna fama da ciwon damuwa da fargaba, waɗanda su ma suna buƙatar kulawa. Yadda yaron yake shakkar tunaninsa abu ne mai muhimmanci, domin yana nuna har yanzu yana iya rarrabewa. A wannan mataki galibi da tattaunawar gyaran tunani da sa ido ake farawa, don haka kada kowa ya ɗauki maganin mahaifinsa ya ba shi.

Malamin sakandare:

Hajiya, ki bincika cikin hikima ko yana shan wiwi, ba tare da tsawa ko bincike a gaban ƙannensa ba, domin yaron da yake zargin ana zancensa, tsawa ƙara masa zargin za ta yi. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda aka gudanar a wurare da dama na Turai da Birazil, ya gano cewa masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa. Ga mai tarihin ciwon a gida, wannan ita ce ƙofar da ta fi sauƙin rufewa.

Wata uwa daga Kano:

'Yar'uwa, maganar dangi ce ta fi tsaya mini a rai. Ɓoye tarihin gida ga maƙwabta haƙƙinku ne, amma ɓoye shi ga likita cutar da yaron ne, domin da wannan bayani ake auna irin sa idon da yake buƙata. Ki tafi da sunan maganin da mahaifinsa yake sha da shekarun da ciwon ya fara masa. Addu'a da ruƙiya ba su hana zuwa asibiti, kuma jinkirin da ake yi ana yawo daga wannan mai magani zuwa wancan yakan sa jinya ta ƙara wuya. Daga Zariya, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna bai yi miki nisa ba. Idan kuwa ya fara jin muryoyi alhali ba kowa, ko ya ƙi cin abinci don zargin an sa masa guba, ko ya ambaci kashe kansa, a kai shi a ranar, kada a jira taron dangi.