Wayar mamaci da shafukansa: me ake fara yi, me ake bari sai daga baya?

Mai buɗe zance

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A cikinmu akwai masu gyaran waya, akwai masu rubuta manhaja, akwai masu kula da zauruka. Ina so mu tattara abin da kowa ya gani da idonsa kan lamari ɗaya: mutum ya rasu, ya bar waya a kulle, da WhatsApp, da Facebook, da imel, da hotuna. Iyalinsa na son muryarsa da hotunansa, kuma suna son na'ura ta daina fama musu miki. Daga ina ake farawa, kuma a ina ake yin ɓarna?

Mai gyaran waya

Wa alaikumus salam Malam. Yawancin ɓarnar a makon farko ake yin ta, kuma da kyakkyawar niyya.

Kada a kashe wayar, kada a bari cajinta ya ƙare. Da zarar ta mutu ta sake tashi, yatsa ba ya buɗe ta, sai lambar sirri. Ko ba a kashe ta ba, iPhone na komawa neman lamba idan ta yi awa 48 ba a buɗe ta ba, yawancin Android kuma bayan awa 72. Don haka idan akwai wanda yatsansa ke cikin wayar, kamar mata ko miji, ya buɗe ta tun yau, ba gobe ba.

Sai kintace. Wansa ya gwada shekarar haihuwa, ƙanwa ta gwada ƙarshen lambar layi, kowane kuskure yana ƙara tsawon jira. Haka ake ajiye mana iPhone a kan tebur, fuskarta baƙa, sai layi ɗaya na farin rubutu cewa ba ta samuwa. A kuskure na goma ta rufe ke nan, in kuma mamacin ya kunna goge bayanai, komai ya tafi. Bayanan da ke cikin wayoyin yanzu a ƙulle suke da lambar sirrin kanta. Filashin, wato goge wayar a sake ɗora mata manhaja, yana dawo da wayar, ba ya dawo da abin da ke cikinta. Duk wanda ya ce muku zai yi filashin ya fito da hotuna, ku karɓi wayarku ku tafi.

Ɓarna ta uku ta fi ciwo: a zare layin a sa a wata waya a buɗe WhatsApp. Nan take tsohuwar wayar ta fita daga asusun, kuma hirarrakin ba sa biyo layi, domin a cikin waya suke, ba a wurin kamfani ba. Sai in akwai ajiya a Google Drive ko iCloud, ita ma tana buƙatar asusun mamacin.

Malamar kwamfuta

Yaya mai gyara ya faɗi gaskiya. Abin da mutane ke mantawa shi ne, rabin abin da suke nema yana cikin wayoyinsu. Duk wanda ya taɓa hira da mamacin yana da kwafin hirar. Kowa ya buɗe hirar a tasa wayar, ya taɓa ɗigo uku na sama, ya nemi fitar da hira. Ba tare da hotuna ba tana ɗaukar saƙo 40,000 na ƙarshe, tare da hotuna da sauti 10,000 kacal. A yi duka biyun.

Kafin nan a bi hirar daga sama a duba hoton da ya yi dishi-dishi da alamar kibiya a tsakiya. Wannan ba a taɓa sauke shi ba, kuma ba zai jira har abada ba. Wanda ya ƙi sauka, WhatsApp cewa yake a roƙi mai shi ya sake turowa, mai shi kuwa ba ya nan. A kuma duba ko hirar na kan saƙo mai ɓacewa, na awa 24, kwana 7 ko kwana 90. Agogon nan bai san an yi rasuwa ba. A danne saƙon a zaɓi ajiye shi, ko a ɗauki hoton fuskar waya.

Murya ita ake fi kuka a kai. A Android na yanzu tana cikin Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media/WhatsApp Voice Notes, a fayiloli masu ƙarshen opus. A kwashe jakar gaba ɗaya zuwa kwamfuta, a mayar da muhimman zuwa mp3, a sa musu suna da kwanan wata. Kwafi uku: kwamfuta, filasha, da ajiyar intanet ta wani mai rai.

Akwai wa'adi. WhatsApp na goge asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba, daga nan ya fita daga duk zaurukan da yake ciki. Layin da aka daina amfani da shi kuma kamfanin sadarwa na sayar wa wani. Rana ɗaya uwa za ta ga hoton baƙon mutum a kan sunan ɗanta, har da alamar yana kan layi. A riƙa raya layin har a gama komai, tunda lambobin tabbatarwa can suke zuwa. In an gama, a cire lambar daga wayoyin tsofaffi da saninsu, bayan an adana musu hirar.

Injiniyan manhaja

Ni kan jerin matakai zan tsaya, domin akwai ƙofar da in ta rufe ba ta buɗuwa. Facebook ya fara mayar da shafin mamaci shafin tunawa tun 2009. Ba sai iyali ba, aboki ma na iya tura buƙatar da shaidar rasuwa. Amfaninsa babba ne: an daina tuna wa mutane ranar haihuwarsa, an daina nuna shi cikin waɗanda ƙila ka sani, ɓarawo ba zai sace shafin ba. Amma daga ranar ba mai iya shiga, ko da lambar sirrin na hannunsa. Abin da ya faru ke nan a Jamus da iyayen wata yarinya 'yar shekara 15 da ta rasu a Balin a 2012. Suna da lambar, amma an riga an mayar da shafin na tunawa. Sai a Yulin 2018 babbar kotun tarayya ta ce asusun gado ne kamar wasiƙu. Wannan hukuncin Jamus ne, bai hau kan kowace ƙasa ba.

Saboda haka a sanar da abokai tun farko kada kowa ya tura wa Facebook komai sai iyali sun ce. In mamacin shi kaɗai ke riƙe da shafin kasuwanci ko zaure, a ƙara wani mai kula tukuna.

Sauran kayan aikin duk sai mai rai ya kunna su da kansa. Facebook ya kawo wasiyyin shafi a 2015, a menu na Turanci Legacy Contact. Wasiyyi na iya maƙala sanarwa a sama, ya canza hoto, ya karɓi abokai, ya nemi a goge shafin. Ba ya karanta saƙonni. Google na da Inactive Account Manager tun 2013: ka zaɓi wata 3, 6, 12 ko 18 na shiru, ka sa mutum har 10, kowa da abin da za a ba shi. In ba ka sa komai ba, tun Disamban 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba, har da hotunan ciki. Apple ya kawo nasa a Disamban 2021. Ana buƙatar mabuɗin da mamaci ya fitar tun yana raye da takardar shaidar rasuwa, damar ta shekara uku ce, daga nan sai a goge asusun. Ba ya ba da lambobin sirrin da ke ajiye, kuma ba ya buɗe wayar da ke kulle. Abin da ya hau iCloud kawai ake samu. A buga mabuɗin a takarda, kada a bar shi cikin wayar mai shi kaɗai.

Dattijuwar zaure

'Ya'yana, akwai abin da ban ji an taɓo ba. Samun hanyar shiga daban, cancantar karantawa daban. A cikin wayar nan akwai sirrin mamaci, akwai na rayayyun da suka faɗa masa damuwarsu suna ganin shi kaɗai zai gani. Na ga gidan da karatun saƙo ɗaya, wanda ba a san farkonsa ba, ya bar zargin da ba mai warware shi. A wakilta mutum ɗaya mai riƙon amana, a rubuta masa abin da ake nema: hotuna, takardu, bashi da ajiyar mutane. Ya ɗauko waɗannan ya rufe.

Injiniyan manhaja

Hajiya, a nan masu ƙira ma suka rabu. Facebook ya hana wasiyyi saƙonni gaba ɗaya, Apple ya ba shi har da saƙonnin da ke iCloud, Google ya bar wa mai asusu ya ware. A ganina na Google ya fi dacewa, domin mutum na iya ba matarsa hotuna, ya ba abokin sana'arsa takardun aiki, ya hana kowa imel.

Mai kula da zauren ta'aziyya

Ni abin da ke zuwa mini shi ne bayan wata biyu, lokacin da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Mutum ya tashi da safe ya ɗauki waya, sai ga fuskar marigayiya da rubutun "shekara uku da suka wuce", har da kiɗa. Na'urar na zaɓar hoton da aka fi so ne, hoton da aka fi so kuwa sau da yawa shi ne na sanarwar rasuwa. A ƙarshen 2014 haka ta faru da Eric Meyer, masanin ƙirar shafukan intanet a Amurka: Facebook ya haɗa masa bitar shekara da hoton 'yarsa da ta rasu a shekarar tana da shekara shida, kewaye da zanen masu murna. Kamfanin ya ba shi haƙuri.

Akwai magani, sai dai a ɓoye yake. A sashen tuna baya na Facebook ana iya ɓoye mutum ko tsakanin kwanan wata kaza zuwa kaza. Google Photos ma haka, fuska ko kwanaki. A iPhone ana iya cewa a rage nuna wane. Ba ya goge hoto ko ɗaya, yana hana shi zuwa ba sallama ne kawai. Amma a tambayi mai makokin kafin a taɓa masa, wasu wannan hoton na safe shi suke jira.

A zaure kuma, kada a saki sanarwa sai makusanta sun ji da baki. A mayar da zauren masu kula kaɗai ke rubutu na awannin farko, a fitar da sanarwa ɗaya daga iyali. Ban da hoton asibiti, ban da tambayar me ya kashe shi. A sa ido kan shafin bogi mai hoton mamaci da ke neman gudummawa, da mahaɗin "kallon jana'iza kai tsaye" da ke neman lambar katin banki. Waɗannan a ƙarƙashin sanarwar gaskiya suke liƙewa, cikin sharhi.

Malamar kwamfuta

Ƙari kan muryar da muka ce a adana: ana tambaya ko a loda ta a manhajar da ke kwaikwayon murya. Tun 2022 Amazon ya nuna manhajarsa mai magana, Alexa, na karatu da muryar wata kaka daga sautin da bai kai minti ɗaya ba. Kafin a loda a karanta ko kamfanin na goge sautin in an nema, kuma iyali su yarda baki ɗaya. Abin da zai fito kalmomi ne da mamacin bai taɓa faɗa ba, yaro ƙarami kuwa ba zai bambance ba. A ajiye na asali daban, kada su gauraya a jaka ɗaya.

Mai gyaran waya

Ga masu ajiye wayar kanta don tunawa: bayan an kwashe komai kuma an san lambar sirrin, a kai cajin kusan rabi, a kashe ta, a sa a wuri mai sanyi marar danshi. Duk wata shida a kunna a mayar da cajin rabi. Batirin da aka bari fanko na daina karɓar caji, wani ya kumbura ya ɗaga gilashi. In kun ga bayanta ya fara tasowa, kada a jona ta da wuta, a kai a canza batirin, kuma a gaya wa mai gyaran tun a bakin ƙofa cewa ba a yarda da filashin ba.