Wai Sukotland na da fim nata, ko jarumai kawai take haifa wa wasu?

Baban Khairat: Salam jama'a. Na ga ana ta murna wai jarumin fim ɗan Sukotland James McAvoy ya koma bayan kamara ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko, California Schemin', ɗan ƙasarsu Brian Cox ma ya yi nasa mai suna Glenrothan, duka biyun an nuna su a bikin finafinai na Toronto na 2025, shi ke nan wai harkar fim ta farfaɗo a Sukotland. Ni dai in faɗi gaskiyata ƙasar nan ba ta da masana'antar fim, jarumai kawai take haifa, da sun yi ƙwari Landan ta ɗauke, daga can Hollywood ta ƙarasa. Sean Connery ɗan Edinburgh ne, babban birnin Sukotland, har madara ya raba gida-gida a garin, amma Dr. No na 1962 da ya mai da shi James Bond kamfanin Landan ne ya yi shi da kuɗin Amurka. Ewan McGregor, Gerard Butler, Karen Gillan, kowa a gonar wasu yake noma. Mai ja ya fito.

Maman Haidar: Haba Baban Khairat, to Braveheart fa, fim ɗin yaƙin neman 'yancin Sukotland? Oska 5 fa ya ci, ni har yau in na tuna ƙarshen fim ɗin nan sai tsigar jikina ta tashi

Baban Khairat: Hajiya ai kin miƙo min sanda da hannunki. Mel Gibson, jarumi kuma daraktan fim ɗin, a jihar New York aka haife shi, a Ostareliya ya girma, kuɗin na Hollywood ne, galibin faɗan ma a Ayaland aka ɗauka da sojojin can. Kuma yaƙin gadar Stirling na 1297 da suka nuna, ki koma ki duba, ko ƙeyar gada babu a ciki.

Maman Haidar: Kai, wlh ka ɓata min fim

Ɗalibin Glasgow: Yaya bari in sa baki tunda a Glasgow ta Sukotland nake. Watan Agustan 2025 na fito zan je makaranta sai na tarar an datse titin Bothwell, an jera tasi masu ruwan ɗorawa irin na New York, an rataya tutocin Amurka, ga motocin 'yan sandan can, mutane sun yi cincirindo bayan shinge kowa ya ɗaga waya, ashe Tom Holland ne ake ɗaukar sabon Spider-Man wanda aka sa wa ranar fitowa 31 ga Yulin 2026. Na makara ranar amma ban ji haushi ba. Darakta Christopher Nolan ma ya je gaɓar tekun Moray a arewacin Sukotland ya ɗauki wani yanki na The Odyssey. Masu fitila, masu kafinta, direbobi, masu dafa abinci, da yawansu 'yan gari ne, in wannan ba masana'anta ba ce to mece ce?

Baban Khairat: Ƙanina hayar titi kenan. Kai da bakinka ka ce an rataya tutar Amurka. Glasgow ta fito a Philadelphia a World War Z, ta fito a New York a Indiana Jones na ƙarshe, kullum tana sanye da rigar aro. Batgirl fa, a garin naku aka ɗauke shi kusan gaba ɗaya, a 2022 Warner Bros suka ce ba za su fitar ba bayan an kashe wajen dala miliyan 90, akwai wanda ya tuntuɓi mutanen Glasgow? Mai doki ya ce dokinsa ya mutu.

Malam Na-Sinima: Alhaji na bar ka ka yi ta gudu ne, yanzu ka tsaya. Kuskurenka kana auna fim da girman kuɗi. Ƙasar nan mutanenta wajen miliyan 5 da rabi ne fa, ba ta kai Landan kaɗai ba. Amma Bill Forsyth ya yi Gregory's Girl da yaran ƙasar a garin Cumbernauld, ya yi Local Hero a 1983, Lynne Ramsay ta yi Ratcatcher a 1999 kan wani yaro a unguwar talakawan Glasgow lokacin da masu kwasar shara suka tafi yajin aiki, bola ta cika ko'ina, wannan ba Ba'amurken da zai zauna ya ƙago maka shi. Trainspotting na 1996 labarin Irvine Welsh ne ɗan Edinburgh, McGregor da Robert Carlyle da Kelly Macdonald kowa da harshen gidansu ya yi magana. Sannan Charlotte Wells, fim ɗinta na farko Aftersun a 2022 ya kai jaruminta takarar Oska. Bikin fim na Edinburgh tun 1947 ake yi, lokacin ko Connery bai san zai yi fim ba.

Baban Khairat: Malam da girmanka, amma Trainspotting ɗin Danny Boyle ne ya ba da umarni, ɗan Ingila. Aftersun a Turkiyya aka ɗauka, jarumin Paul Mescal ɗan Ayaland. The Outrun na 2024 an je har tsibiran Orkney na Sukotland, sai ga jarumar 'yar Ayaland, daraktar kuma Bajamushiya. Bikin Edinburgh ɗin da kake tinƙaho da shi a Oktoban 2022 kamfanin da ke riƙe da shi ya karye, aka garƙame sinimar Filmhouse, ma'aikata suka wayi gari ba aiki.

Malam Na-Sinima: An garƙame, gaskiya ne, amma ka ƙarasa labarin mana. Su waye suka yi karo-karo har aka sake buɗe ta a 2025? Mutanen garin da tsofaffin ma'aikatanta. Kuma in fasfon darakta ne ma'auni to rabin finafinan Hollywood ba na Amurka ba ne, Nolan ɗin ma a Landan aka haife shi.

Anti Bilki: Ni duk kun bar inda gizo ke saƙar, harshen ne matsalar. Gregory's Girl sai da aka sake naɗar muryoyin da lafazi mai sauƙi kafin a kai shi Amurka, wai ba za su gane ba. Martin Compston ɗan Greenock ta Sukotland ne amma a shirin talabijin na Line of Duty da lafazin Landan yake magana, har wasu na mamaki in sun ji shi a hira. To shi fim ɗin McAvoy ai kan wannan ciwon yake, labarin gaske ne, samari 2 daga Dundee ta Sukotland masu waƙar gambara suka je Landan aka yi musu dariya saboda lafazinsu, suka dawo suka koyi maganar Kalifoniya suka ce su Amurkawa ne, sai ga kamfanin waƙa ya ɗauke su. McAvoy da ya yi Professor X a finafinan X-Men, ya samu duk abin da ake nema, ya zo yin nasa na farko kuma wannan labarin ya zaɓa, ni a nan na ga alamar akwai wani abu nasu na kansu.

Ɗalibin Glasgow: Anti kin taɓo ni. Satina na farko direban bas ya yi min magana sau 3 ban kama ko kalma ɗaya ba, na yi ta murmushi kawai, ashe cewa yake na shiga motar da ba ita ba. Ni da nake ganin na ci Turanci

Maman Haidar: To shi yaron nan Ncuti Gatwa da ya yi shirin talabijin na Doctor Who, na wa ne a lissafin naku? A Ruwanda aka haife shi fa

Malam Na-Sinima: Na Sukotland ne Hajiya, yana ƙarami iyayensa suka gudo daga kisan kiyashin 1994, a Edinburgh da Dunfermline ya tashi, a Glasgow ya karanta wasan kwaikwayo.

Baban Khairat: Sannan ya tattara ya tafi Landan neman aiki, na gode Malam. Anti Bilki ke kam kin ɗan karya min gwiwa, na yarda labarin nasu ne. Amma ina nan a kan bakata sai na ga sinimomi nawa za su haska Glenrothan a makon da Spider-Man ya fito. In ya kai wata guda a allo tsire na wuyana, har da na Ɗalibi in ya dawo hutu.

Anti Bilki: An shaida, na ɗauki hoton maganar nan kar gobe ka goge